Sharhi Kan Payoneer: Mashigin Kuɗin Aiki Daga Ƙasashen Waje

Kuɗin aiki na farko da aka taɓa turo mini daga wata ƙasa bai iso cikakke ba. Na yi wa wani kamfani fassarar takardu, muka yi jinga a kan dala 400, mai kula da kuɗinsu ya tura ta banki ya kuma aiko mini da shaidar biya, amma bayan kwana shida sai na tarar da dala 362 a asusuna. Na koma wa mai biya, ya nuna mini cewa 400 cif suka fita daga wurinsu. Na tambayi bankina, suka ce ɗan ladan da suka cire ga shi nan a rubuce, kuma bai kai rabin giɓin ba. Ragowar ta maƙale a hannun wani banki da ke tsakani, wanda ban taɓa jin sunansa ba, balle in ƙulla wata yarjejeniya da shi. Wannan giɓin ne ya kai ni ga buɗe asusun Payoneer, kuma da shi nake auna kowace hanyar biya har yau, domin tambayata ba ta wuce biyu ba: nawa ne ya shigo hannu, kuma a cikin kwana nawa.

Sai an fahimci abin da ya cinye waɗancan daloli kafin a gane amfanin Payoneer. Turin kuɗi daga banki zuwa banki a tsakanin ƙasashe yawanci ta SWIFT yake bi, ƙungiyar da aka kafa a 1973 mai hedikwata a Beljiyam. SWIFT ba ta ɗaukar kuɗi daga wuri zuwa wuri, saƙon umarni take isarwa tsakanin bankuna. Idan bankin mai biya ba shi da asusu kai tsaye a bankin mai karɓa, dole umarnin ya ratsa ta banki ɗaya ko biyu da suka san ɓangarorin duka, kuma kowannensu yana iya yankar la'adarsa daga cikin kuɗin kafin ya miƙa gaba. A takardar turin akwai gurbin da ake zaɓar wanda zai ɗauki wannan nauyi: OUR yana nufin mai biya ne zai biya duka, BEN yana nufin daga kuɗin mai karɓa za a cire, SHA kuma yana nufin a raba. Wanda ya biya ni SHA ya zaɓa, ba da wata mugunta ba, sai don haka ya saba, ni kuma a lokacin ban ma san akwai gurbin ba. La'adar irin waɗannan bankuna galibi tsayayyen adadi ce da ba ta duba yawan kuɗin, shi ya sa mai karɓar dala 50,000 ba ya ko lura da ita, mai karɓar dala 400 kuwa take yi wa yankan ƙauna.

Payoneer kamfani ne da Yuval Tal ya kafa a 2005, hedikwatarsa tana birnin New York, kuma tun watan Yunin 2021 ake sayar da hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq. Dabararsa ita ce ya kauce wa wancan dogon layi na bankuna gaba ɗaya. Idan aka amince da asusun mutum, sai a ba shi bayanan karɓar kuɗi a cikin ƙasashen da masu ba da aiki suke: lambar banki mai alƙaluma tara da lambar asusu domin karɓar dala ta tsarin ACH na Amurka, lambar IBAN domin karɓar yuro ta tsarin SEPA na Turai, da lambar reshe mai alƙaluma shida tare da lambar asusu mai alƙaluma takwas domin karɓar fam a Birtaniya. Akwai kuma na wasu kuɗaɗen kamar dalar Kanada da dalar Ostareliya da yen na Japan, gwargwadon ƙasar da mutum yake zaune da irin sana'arsa. Ga mai biya, abin ya zama kamar yana biyan wani ɗan kwangila da ke cikin ƙasarsa, ba ya cika takardar turin ƙetare, ba ya neman lambar SWIFT, ba ya kuma biyan kuɗin waya mai tsada.

A nan ne na fi yaba wa wannan hidima, kuma dalilina ya zarce rangwamen la'ada. Duk wanda ya yi aiki da kamfanonin waje ya san cewa jinkirin biya sau da yawa a teburin akanta yake faruwa, tun kafin kuɗin su bar banki. Akanta yana da ranar da yake biyan 'yan kwangilar cikin gida a dunƙule, amma biyan ƙetare yakan buƙaci sa hannun wani na sama da shi, wani lokaci har da ƙarin takardu, don haka sai ya ajiye shi gefe har sai ya samu sarari. Ranar da na fara aika wa wata mai kula da kuɗi bayanan ACH a maimakon bayanan bankin gida, amsarta layi ɗaya ce, cewa ta sa ni cikin jerin biyan ranar Alhamis, kuma kafin Talatar da ta biyo baya kuɗin sun bayyana a shafin asusuna. Tun daga lokacin na daina zama baƙon da ake tunawa da shi a ƙarshen wata.

Hanya ta biyu da kuɗi ke shigowa ita ce ta dandalin aiki da kasuwannin intanet. Upwork da Fiverr da Amazon da Airbnb duk suna biya ta Payoneer, kuma haɗa asusun da su bai wuce danna maɓalli da tabbatar da suna ba. Sai dai a nan sababbin shiga sukan ɗora wa Payoneer laifin jinkirin da ba nasa ba. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aiki, sannan ya riƙe sauran kwana 14 kafin a iya cirewa, ko kwana 7 ga waɗanda suka kai matakin manyan masu sayarwa. Upwork yana da kwana 5 na tsaro ga aikin da aka yi jinga a dunƙule, na awa-awa kuma sai kwana 10 bayan ƙarewar makon aikin. Duk waɗannan kwanaki suna shuɗewa kafin Payoneer ya ga ko sisi. Hanya ta uku ita ce aika takardar neman biya daga cikin asusun, inda mai ba da aiki zai iya biya da katinsa ko daga asusun bankinsa. Tana da amfani ga ƙananan abokan hulɗa da ba su da sashen kuɗi, amma biya da kati shi ne mafi tsada a cikin hanyoyin, kuma ya kamata a tsayar da magana tun farko a kan wanda zai ɗauki la'adar.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata a karanta da idon basira kafin a miƙa wa kowa waɗancan lambobi. Asusun karɓa na kasuwanci ne zalla. An tsara shi ne domin biyan da kamfani ke yi wa wanda ya yi masa aiki ko ya sayar masa da kaya, kuma kuɗin da ɗan'uwa ko aboki ya turo daga asusunsa na kansa, ko wanda mutum ya tura wa kansa daga wani asusun nasa, ana iya mayar da su inda suka fito. Haka nan lambobin an yi su ne domin turin cikin gida, don haka wanda yake so a yi masa turin SWIFT a kansu sai ya fara duba ko asusun nasa yana karɓa. Wannan iyaka a rubuce take, kuma ban ga laifinta ba, amma mutane da yawa ba sa sanin ta sai kuɗi sun yi mako biyu suna yawo tsakanin bankuna.

Rajista ba ta da wuya, tantancewa ce take buƙatar haƙuri. Ana neman fasfo ko katin shaida, da shaidar adireshi, wani lokaci kuma a nemi bayani kan sana'ar mutum, da adireshin shafin da ke nuna aikinsa, da kwafin yarjejeniya ko takardar neman biya da ta dace da kuɗin da suka shigo. Ruwa ba ya tsami banza: a watan Yulin 2021 kamfanin ya amince ya biya ofishin OFAC na ma'aikatar baitulmalin Amurka kimanin dala miliyan 1.4 saboda biye-biyen da suka ratsa tsarinsa zuwa wuraren da takunkumi ya shafa. Kamfanin da ya taɓa ɗanɗana irin wannan hukunci ba zai yi sassauci wajen tambaya ba, kuma haka takwarorinsa suke. Darasin da na koya a wannan fanni a wani kamfanin daban na koye shi, kuma ni ne mai laifin. Sunana a fasfo yana da kalmomi uku, a bankina biyu, a takardar neman biya kuma na rubuta sunan da nake amfani da shi a sana'a. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta tsayar da kuɗin kwana tara har na aika takardun da suka warware. Kafin in cika rajistar komai yanzu, sai na shimfiɗa fasfo da takardar bayanin asusun banki a kan tebur na kwafi sunan harafi bayan harafi, har da jerin da kalmomin suka zo.

Batun tsada shi ne inda ya fi kamata a daɗe, domin a nan ne hidimar take da rauni, kuma raunin ba a fili yake ba. Karɓar kuɗi ta asusun yuro ko fam sau da yawa ba ya cin komai ko yana cin kaɗan, kuma wannan ne tallace-tallace suke nunawa. Ainihin kuɗin yana fita ne a lokacin cirewa zuwa bankin gida, inda ake canza dala ko yuro zuwa kuɗin ƙasar mutum. A kasuwar canji ta duniya akwai farashin saye da farashin sayarwa, abin da ke tsakiyarsu kuma shi ake kira farashin tsakiya, shi ne wanda mutum yake gani idan ya bincika a intanet. Payoneer yana ɗora ribarsa a kan wannan farashi, don haka abin da aka cire ba ya bayyana a matsayin layi dabam mai suna la'ada, yana narkewa ne a cikin farashin canjin da aka nuna. A ce mutum ya yi aikin dala 1,000 a Fiverr, dandalin ya ɗauki 200, saura 800. Idan ribar canjin ta kai kashi 2 cikin 100, dala 16 sun sake tafiya ba tare da an rubuta su a ko'ina ba. A biya ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne, amma da yayyafi kogi ke cika, kuma mai cire irin wannan adadi kowane wata ya bar dala 192 a shekara. Hanyar gano gaskiya mai sauƙi ce: kafin a danna tabbatarwa, a raba abin da aka ce zai shiga banki da adadin dalolin da za a cire, sannan a kwatanta sakamakon da farashin tsakiya na wannan lokacin. Ba ya cin minti biyu, kuma ina yin sa a kowane cirewa.

Domin adalci, wannan tsadar tana ƙasa da ta tsofaffin hanyoyi. Binciken da Bankin Duniya yake yi a kai a kai kan farashin tura kuɗi tsakanin ƙasashe ya daɗe yana nuna matsakaicin da ya kai kimanin kashi 6 cikin 100, alhali burin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a muradun ci gaba mai ɗorewa shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Wanda yake da asusun dala a bankinsa yana iya cire dalar yadda take a kan wata la'ada, ya canza da kansa a lokacin da ya ga dama, kuma a ganina wannan ya fi ga mai karɓar kuɗi masu kauri. Akwai kuma kuɗin shekara na dala 29.95 da ake cirewa daga asusun da bai karɓi adadin da kamfanin ya ƙayyade a cikin watanni 12 ba. Ga mai aiki kowane wata wannan ba ya taɓa shi, amma wanda yake samun aikin dala 100 sau biyu a shekara zai ga an cinye masa kusan kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu, kuma irin wannan mutumin ban ga dalilin da zai sa ya buɗe asusun ba tukuna.

Katin Mastercard da kamfanin yake bayarwa yana da amfani wajen biyan kuɗin manhajoji da ma'ajiyar intanet da sauran kayan aiki kai tsaye daga dala, ba tare da an canza kuɗin sau biyu ba. Cire tsabar kuɗi da shi a na'urar ATM kuwa tsada ce a kan tsada, domin akwai la'adar katin, da ta na'urar, da ta canji.

Tarihin wannan kati ne ya fi komai bayyana matsayin da ya dace a ba Payoneer. A watan Yunin 2020 kamfanin Wirecard na Jamus, mai sarrafa biyan kuɗi ta kati da intanet, ya amsa cewa yuro biliyan 1.9 da ke cikin lissafinsa da alama babu su, ya kuma shigar da takardar karyewar arziki a ranar 25 ga watan. Washegari hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi a Birtaniya ta dakatar da reshensa da ke can, wanda shi ne yake fitar da katunan Payoneer a lokacin. Kuɗin da ke kan katunan masu aikin kansu a ƙasashe da dama suka daskare na wasu kwanaki, har sai da aka ɗage dakatarwar a ƙarshen watan. Kuɗin ba su salwanta ba, kuma daga baya Payoneer ya koma fitar da kati ta reshensa mai lasisi a Ailan, amma abin ya tuna wa kowa cewa wannan kamfani ba banki ba ne. Lambobin asusun da yake bayarwa na bankunan da yake hulɗa da su ne, kuma bai kamata mutum ya ɗauka cewa inshorar ajiya irin ta FDIC, mai kare dala 250,000 ga mai ajiya a bankin Amurka, ta rufe shi kai tsaye ba. Abin da ya samu masu ajiya a manhajojin kuɗi da suka dogara da kamfanin Synapse, wanda ya durƙushe a watan Afrilun 2024 aka shafe watanni ana warware wa ke da nawa, ya nuna yadda lamarin yake zama idan akwai dillali tsakanin mutum da bankin da kuɗinsa suke. Saboda haka na ɗauki asusun a matsayin mashigi, kuɗi su shigo su wuce, abin da nake bari a ciki bai wuce na biyan kayan aikin wata ɗaya ba.

Kwatanta shi da abokan gasarsa ba ya buƙatar dogon bayani. Wise, wanda wasu 'yan Estoniya biyu, Kristo Käärmann da Taavet Hinrikus, suka kafa a Landan a 2011 da sunan TransferWise, yana canji a kan farashin tsakiya ya rubuta la'adarsa a fili, kuma a wannan fage ya fi Payoneer gaskiyar lissafi, sau da yawa har da araha. Matsalarsa ita ce ba mazaunin kowace ƙasa yake ba damar riƙe kuɗi ko samun lambobin karɓa ba, don haka fifikonsa ba shi da amfani ga wanda ƙofar take rufe gare shi. PayPal shi ne masu biya suka fi sani, amma yana iya riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21, yana ba mai saye kwana 180 ya shigar da ƙorafi, a wasu ƙasashen kuma asusunsa na turawa ne kawai. Wanda ya miƙa aikin da ba a iya karɓo shi, kamar fassara ko zane, ya san abin da kwana 180 suke nufi. Kuɗin kirifto masu ɗaure da dala, irin USDT da USDC, suna isowa cikin mintuna, sai dai kuskuren zaɓar layin turi yana iya ɓatar da kuɗin har abada, ba kowane akanta ne zai yarda ya biya da su ba, kuma ɗaurin nasu ba na ƙarfe ba ne, domin USDC ya faɗi ƙasa da senti 90 a watan Maris na 2023 lokacin da bankin Silicon Valley ya rushe. Inda Payoneer ya sha gaban waɗannan duka shi ne faɗin ƙasashen da yake karɓa, waɗanda kamfanin ya ce sun haura 190, da kuma yadda manyan dandali suka riga suka saka shi a tsarinsu. Ni dai ina riƙe da hanya ta biyu a buɗe ko da ba na amfani da ita, tun da gida biyu maganin gobara ne, kuma tantance sabon asusu a ranar da aka matsu ba abu ne mai daɗi ba.

Akwai abin da babu wani kamfanin biya da zai ɗauke wa mutum, wato haraji. Samun lambar asusu a Amurka bai mayar da kowa mazaunin Amurka ba, kuma bai cire masa wajibcin bayyana kuɗin shigarsa a ƙasar da yake zaune ba. Mai ba da aiki daga Amurka yakan nemi a cika takardar W-8BEN, wadda take shaida cewa mai karɓar ba ɗan ƙasar ba ne ta fuskar haraji, kuma tana aiki har ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar da aka sa mata hannu, wato wadda aka cika a 2024 tana ƙarewa a ƙarshen 2027. Barin ta ta ƙare yana iya sa a tsayar da biya ko a riƙe wani kaso. Ta wannan fuska Payoneer yana taimakawa da abu ɗaya mai kyau, shi ne bayanin shige da ficen kuɗi da ake iya saukewa na kowane wata, mai ɗauke da sunan mai biya da rana da adadi, wanda banki ko ofishin haraji za su iya nema a matsayin shaidar tushen kuɗi.

Hukuncina shi ne Payoneer ya dace da mai aiki a dandali irin su Upwork da Fiverr, da kuma mai hulɗa da kamfanoni masu biya kowane wata, musamman idan Wise ba ya buɗe wa mazauna ƙasarsa. Bai dace da mai samun aiki jefi-jefi ba, bai dace da karɓar kyauta daga dangi ba, kuma bai dace da ajiya ba. Wanda biyansa ya kai dubban daloli a lokaci guda, ya kamata ya yi lissafi ya gani ko turin SWIFT kai tsaye zuwa asusun dala, tare da zaɓin OUR, bai fi masa sauƙi ba, domin a irin wannan adadi tsayayyar la'ada takan fi ribar canji ta kashi-kashi rangwame. A ƙasan kowace takardar neman biya da nake aikawa yanzu akwai layi uku: sunana kamar yadda yake a fasfo, bayanan ACH ko IBAN gwargwadon ƙasar mai biya, da jimlar da ke cewa adadin da aka rubuta shi ne zai iso, duk wata la'adar turi kuma tana kan mai biya. Abokan hulɗa biyu ne kawai suka taɓa neman a sake tattauna layin na uku, ɗaya muka raba la'adar, ɗayan kuma na ƙara ta a cikin jingar aikin da ya biyo baya.